Jinin da ke narkewa da likkafanin Turin: me kimiyya ta gano a kayan tabarrukin Kirista?

Ranar 19 ga Satumba ta kowace shekara, babban cocin birnin Nafoli da ke kudancin Italiya yakan cika maƙil. Babban bishop na birnin zai ɗauko wani mazubi na azurfa mai fuskar gilashi, a cikinsa akwai 'yan kwalabe biyu da aka rufe ruf. A cikin babbar akwai wani abu baƙi-baƙi, daskararre. Zai riƙa karkata mazubin yana juya shi, jama'a suna addu'a. Bayan mintuna, wani lokaci sa'o'i, sai abin ya sake ya fara gudana kamar ruwa. Sai a kaɗa farin ƙyalle, a harba bindigogi, gari ya ɗauki murna. Mutanen Nafoli sun yi imani jinin waliyyinsu ne, San Gennaro, bishop ɗin da aka kashe wajajen shekara ta 305.

Wannan ɗaya ne kawai daga dubban abubuwan da ke ajiye a coci-cocin duniya: ƙasusuwa, haƙora, gashi, tufafi, guntayen itace. Wasu an yarda masana sun gwada su a ɗakin bincike, wasu an hana. A nan za mu duba yadda al'adar ta faro, yadda ake gane shekarun ƙashi ko ƙyalle, da abin da gwaji ya nuna. Za kuma mu ga inda awon kimiyya ya tsaya, don wannan ne wurin da mutane suka fi yin kuskure, masu imani da marasa shi duka.

Mene ne kayan tabarruki?

A harshen Latin ana ce musu reliquiae, wato ragowa, abin da mutum ya tafi ya bari. Cocin Katolika ya saba kasa su gida uku. Na farko shi ne wani sashe na jikin waliyyi, kamar ƙashi ko jini, da kuma abubuwan da ake dangantawa da Yesu kai tsaye. Na biyu abin da waliyyin ya yi amfani da shi, kamar riga ko littafi. Na uku kuwa duk abin da aka taɓa shi da na farko, ko da ɗan ƙyalle ne.

Masu wannan al'ada suna kafa hujja da Littafi Mai Tsarki. A littafin Sarakuna na biyu akwai labarin gawar da ta taɓa ƙasusuwan Annabi Elisha ta tashi. A Ayyukan Manzanni kuma an ba da labarin yadda ake kai wa marasa lafiya ƙyallayen da suka taɓa jikin Bulus. A koyarwar Katolika da Otodoks, girmamawa ake yi wa waɗannan kaya, bauta ta Allah ce shi kaɗai. Galibin Furotesta kuwa ba su yarda da al'adar ba ɗungurungum. Shi ya sa in ka tambayi abokinka ɗan ECWA ko COCIN, zai iya ce maka shi ma baƙon abu ne a wurinsa.

Al'adar ta samo ƙarfi ne a zamanin da daular Rum ke kashe Kirista. Da aka kashe Polikab, bishop na Simirna, a tsakiyar ƙarni na 2, mabiyansa suka tattara ƙasusuwansa suka adana, suna taruwa a wurin duk shekara. A hankali aka fara gina coci a kan kaburburan shahidai. A shekara ta 787, babban taron bishop-bishop na Nikiya ya yanke cewa kada a keɓe sabon coci ba tare da kayan tabarruki a cikinsa ba. To ka ga inda matsala za ta ɓullo: coci-coci na ƙaruwa, shahidai na farko kuwa adadinsu ba ya ƙaruwa.

Lokacin da ƙashi ya fi zinariya

A Turai ta tsakiyar zamani, garin da ke da waliyyi sananne yana samun masu ziyara, masu ziyara kuma su ne ciniki: masauki, abinci, sadaka, kasuwa. Don haka aka riƙa sata. A shekara ta 828 wasu 'yan kasuwar Benis suka sace gawar Markus, marubucin Bishara, daga Iskandariyya ta Masar. Labarin da mutanen Benis ke bayarwa shi ne sun lulluɓe ta da naman alade don kada Musulmi masu binciken kaya su taɓa kwandon. A 1087 ma'aikatan jirgin ruwa na birnin Bari suka kwashe ƙasusuwan Nikolas daga Mira, a Turkiyya ta yau. A 1204 mayaƙan Gicciye suka wawashe Kustantiniyya, birnin 'yan'uwansu Kirista, kayan tabarruki masu yawa suka kwarara Yammacin Turai.

Dubi kambin ƙaya, wanda Kirista suka yi imani an ɗora wa Yesu a ka. Masu mulkin Kustantiniyya sun jinginar da shi wurin mutanen Benis saboda bashi. Sarkin Faransa Luwis na 9 ya fanshe shi, ya iso ƙasarsa a 1239. Kuɗin da ya biya ya ninka abin da ya kashe wajen gina Sainte-Chapelle, cocin da ya gina don ajiye shi, fiye da sau uku. Yau kambin wani zobe ne na saƙaƙƙiyar ciyawa ba ƙaya ko ɗaya a jikinsa, don an rarraba ƙayoyin kyauta tun da daɗewa. Shi ne aka fitar da gaggawa daga cocin Notre-Dame ranar 15 ga Afrilu 2019 da gobara ta tashi.

Wasu kayan kuwa sai ka riƙe baki. A Paduwa akwai harshen Antoni, mai wa'azin da ya rasu a 1231. Da aka buɗe kabarinsa a 1263 aka ce naman jiki ya zama ƙasa amma harshen yana nan, har yau yana cikin mazubin zinariya. Katarina ta Siyena ta rasu a Roma a 1380, gangar jikinta na can, kanta kuma yana Siyena. Coci-coci da dama sun ce suna da nonon Maryamu, wanda galibi farar ƙasa ce daga wani kogo a Baitalami. Bayan an sake gano tsoffin maƙabartun ƙarƙashin ƙasa na Roma a 1578, an riƙa aika ƙwarangwal ɗungum zuwa Jamus, Ostiriya da Suwizalan a matsayin shahidai, a yi musu ado da zinariya da duwatsu masu daraja, alhali ba a san ko su wane ne ba.

Cocin ma ya san ana ha'inci. Taron Lateran na 1215 ya hana sayar da tsoffin kayan tabarruki, ya kuma ce kada a girmama sabo sai da izinin Fafaroma. Har yau dokar Katolika ta haramta sayar da su. Amma doka daban, kasuwa daban. Wajajen 1520, Farederik, mai mulkin Saksoni kuma majiɓincin Martin Luta, yana da guntaye sama da 19,000 a Witenbag.

Guntayen gicciye za su cika jirgin ruwa?

Ruwayar Kirista ta ce Helena, mahaifiyar sarki Kustantin, ita ta gano itacen gicciye a Urushalima wajajen 326. Kafin ƙarnin ya ƙare guntayensa sun bazu ko'ina. Wata mai ziyara da ake kira Egeriya ta rubuta cewa ranar Juma'ar tunawa da gicciye, dikinoni na tsayawa gadi sa'ad da jama'a ke sumbatar itacen, saboda an taɓa samun wanda ya gatsa ya tafi da gutsure a baki.

A 1543 Jon Kalbin, jagoran Furotesta a Janeba, ya rubuta littafi yana sukar al'adar. Ya ce in aka tara duk guntayen da ake cewa na gicciye ne, za su yi lodin jirgin ruwa. Maganar ta yi daɗi a baki, aka yi ta maimaita ta shekaru ɗari uku ba wanda ya auna. A 1870 wani Bafaranshe masanin gine-gine, Charles Rohault de Fleury, ya bi duk guntayen da ya iya samun bayaninsu ya lissafa girmansu. Jimillar ta kama kusan lita 4, shi kuwa ya ƙiyasta cikakken gicciye zai kai kusan lita 178. Yawancin guntayen ƙanana ne kamar tsinken sakace.

Lura da abin da wannan lissafi ya yi. Ya rushe maganar Kalbin, amma bai tabbatar da cewa ko gutsure ɗaya daga gicciyen Yesu ya fito ba. Rushe hujjar abokin gardama bai zama hujjarka ba. Riƙe wannan, za mu sake buƙatarsa.

Agogon da ke cikin kowane abu mai rai

Ta yaya ake sanin shekarun ƙashi ko ƙyalle? A can saman sararin samaniya, wasu ƙwayoyi masu tsananin gudu da ke fitowa daga wajen duniya suna karo da iska. Sakamakon haka wani ɓangare na naitirojin yana rikiɗewa ya zama wani nau'in kabon mai ɗan nauyi, kabon-14. Kaɗan ne ƙwarai, kusan ƙwaya ɗaya a cikin ƙwayoyin kabon tiriliyan ɗaya. Tsirrai na shaƙar sa daga iska, dabbobi su ci tsirrai, mu kuma mu ci duka biyun. Muddin kana raye, kana sabunta shi a jikinka da kowace loma.

Da zarar abu ya mutu, shigowa ta tsaya. Shi kuwa kabon-14 ba ya zama, yana lalacewa a hankali bisa ƙa'ida tsayayya: duk shekara 5,730 rabinsa ke tafiya. A ce ka cika randa da ruwa, tana yoyo ta yadda ka san daidai saurin yoyon. In ka dawo ka leƙa, yawan ruwan da ya rage zai gaya maka tsawon lokacin da ka yi. Abin da ya mutu shekara 700 da suka wuce yana da kusan kashi 92 cikin 100 na kabon-14 ɗinsa. Wanda ya yi shekara 2,000 yana da kusan kashi 78. Ba'amurke Willard Libby ne ya ƙirƙiro dabarar a ƙarshen shekarun 1940, ta kuma kawo masa kyautar Nobel a 1960. Saboda yawan kabon-14 a iska yana ɗan hawa da sauka, ana daidaita sakamakon da zobban cikin kututturen itatuwa, waɗanda ake iya ƙirga shekarunsu ɗaya bayan ɗaya.

Abu biyu za ka kiyaye. Gwajin yana ba da tazarar shekaru ne, ba rana da wata ba. Sannan abin da yake aunawa shi ne lokacin da tsiron ko dabbar ta mutu. A ƙyallen lilin, lokacin da aka girbe tsiron da aka yi zaren ke nan.

Likkafanin Turin

Wannan shi ne ya fi kowanne shan bincike. Ƙyallen lilin ne mai tsawon kusan mita 4.4 da faɗin mita 1.1, ɗauke da dishi-dishin siffar mutum gaba da baya, da alamun raunuka irin na wanda aka gicciye. Masu imani da shi sun ce a ciki aka naɗe gawar Yesu.

Tarihinsa tabbatacce ya fara ne wajajen 1354 a ƙauyen Lirey na Faransa, a hannun wani jarumi, Geoffroi de Charny. A 1389 bishop na yankin, Pierre d'Arcis, ya rubuta wa Kilemen na 7, Fafaroman da ke zaune a Abinyon, cewa bishop na gabaninsa ya bincika ya gano mai zanen da ya yi shi. Aka bar nuna shi bisa sharaɗin a riƙa shaida wa jama'a cewa kwatanci ne. Daga baya ya koma hannun gidan sarautar Saboy. Gobara ta taɓa shi a 1532, narkakkiyar azurfa ta ɗiga ta huda shi, aka yi masa faci. A 1578 aka kai shi Turin.

Abin da ya ɗaga sunansa ya faru a 1898, da Secondo Pia ya ɗauki hotonsa. Da ya wanke farantin hoton, inda fari ke komawa baƙi baƙi ya koma fari, sai fuska ta fito sarai fiye da yadda ido ke ganinta a ƙyallen. A 1978 wata tawagar masana, galibi daga Amurka, ta yi kwana biyar tana nazarinsa. Rahotonsu ya ce siffar ba fenti ba ce, tana can saman zaruruwa kawai, kuma ba su iya bayyana yadda ta samu ba. Masanin madubin ƙara girma Walter McCrone, wanda ya duba samfuran da suka ɗebo, ya saɓa musu: ya ce ya ga jar ƙasa da wani jan launi da masu zane ke amfani da su.

A Afrilu 1988 aka yanko ɗan ƙyalle daga kusurwa, aka raba wa ɗakunan bincike uku: Okusfod a Ingila, Zurik a Suwizalan, da Jami'ar Arizona a Amurka. Kowanne ya samu kamar girman kan sarki. An haɗa musu da wasu tsoffin ƙyallayen da aka riga aka san shekarunsu, don a ga ko na'urorinsu na faɗin gaskiya. Sakamako: tsakanin 1260 da 1390, da tabbacin kashi 95 cikin 100. Babban bishop na Turin da kansa ya sanar da shi a Oktoba 1988, mujallar Nature ta buga shi a 1989. Ka ga tazarar ta faɗa daidai lokacin da ƙyallen ya fara bayyana a Lirey.

Gardama ba ta mutu ba. Wasu sun ce datti, hayaƙi da ƙwayoyin cuta ne suka sa ya yi kamar sabo. Mu gwada da alƙaluman da muka gani. Ƙyallen ƙarni na 1 yana da kashi 78, an auna an samu kusan 92, sabon datti kuwa yana da 100. Kafin cakuɗar 78 da 100 ta ba da 92, dole fiye da kashi 60 cikin 100 na kabon ɗin samfurin ya zama datti. Wato dattin ya fi ƙyallen yawa, bayan kuma duk ɗakunan sun wanke samfuransu kafin awo. Sukar da ta fi nauyi ita ce ta masanin sinadarai Raymond Rogers a 2005, cewa kusurwar da aka yanka faci ce da aka saƙa daga baya. Ƙwararrun saƙa da suka duba ƙyallen ba su ga alamar irin wannan facin ba, amma gaskiya ne cewa daga wuri ɗaya aka ɗauki samfur, kuma wannan rauni ne a tsarin gwajin. Maganinsa a sake gwadawa daga wurare da yawa, abin da ba a ba da izininsa ba har yanzu.

Ka kuma tuna darasin gicciye. Rashin cikakken bayanin yadda siffar ta hau ƙyallen tambaya ce da ke buɗe, amma ba ta mayar da shi ƙarni na 1. Fadar Batikan, wadda ta gaji ƙyallen a 1983, ba ta taɓa ayyana shi na gaske ko na jabu a hukumance ba.

Kan Yahaya nawa ne?

Wurare da dama na cewa suna da kan Yahaya Mai Baftisma, wanda Musulmi ke kira Annabi Yahaya, ko wani sashe nasa: babban cocin Amiyan a Faransa, wani coci a Roma, fadar Munik a Jamus, da Masallacin Umayyawa a Dimashƙu, inda Musulmi da Kirista ke ziyartar hubbarensa. A nan ne Fafaroma John Paul na 2 ya tsaya a Mayu 2001, karon farko da wani Fafaroma ya shiga masallaci. Ba sai an je ɗakin bincike ba kafin a san ba duka za su zama gaskiya ba.

A 2010 masu tonon tarihi a Bulgeriya suka samu ƙaramin akwatin dutse a ƙarƙashin bagaden wani tsohon coci a tsibirin Sveti Ivan. A ciki akwai ƙasusuwan mutum haɗe da na dabbobi, kusa da shi kuma wani ɗan akwati mai rubutun Girkanci da ya ambaci Yahaya. Masanan Okusfod sun gwada ƙashin hannu, suna tsammanin zai fito ƙarni na 3 ko na 4. Sai ya fito ƙarni na 1. Wannan ya dace da zamanin Yahaya, amma miliyoyin mutane sun rayu sun mutu a wannan ƙarnin.

Wani lokaci kuma gwaji na yanke magana gaba ɗaya. Ƙashin cinyar da wani coci a Roma ya adana fiye da shekara 1,000 a matsayin na manzo Yaƙub ƙarami, binciken 2021 ya nuna na wani ne da ya rayu tsakanin 214 da 340. Na Jan Dak, jarumar Faransa da aka ƙone a 1431, ya fi ban mamaki. A 1867 aka tsinci wata kwalba a wani kantin magani a Paris, da rubutun cewa ragowarta ce. A 2007 likitan binciken gawa Philippe Charlier ya duba. Ya gayyato ƙwararrun turare biyu suka sunsuna, suka ji ƙamshin banila, wanda ke fita daga jikin da ya ruɓe a hankali, ba wanda wuta ta ci ba. Baƙin da ke jikin ƙashin ashe ƙaro ne irin na shafe gawa. Kabon-14 ya nuna ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Yesu. Haƙarƙarin tsohuwar gawar Masar ne, haɗe da ƙashin ƙafar kyanwa. A da masu magani a Turai suna sayar da garin irin waɗannan gawarwakin a matsayin magani, ka ji yadda ya iso kantin.

Gwajin DNA fa? Yana iya nuna jinsi da yankin da zuri'ar mutum ta fito, amma kafin ya ce wane ne sai an samu ɗan'uwa tabbatacce da za a kwatanta. Ga kuma hannayen da suka yi ƙarnoni suna taɓawa. Da aka bincika ƙurar likkafanin Turin a 2015, an samu DNA na mutane da tsirrai daga sassan duniya daban-daban. Tarihin masu taɓa shi aka karanta, ba na wanda aka naɗe a ciki ba.

Jinin Nafoli a ɗakin gwaji

Rubutu na farko da ya ambaci narkewar jinin San Gennaro na 1389 ne, fiye da shekara 1,000 bayan rasuwarsa. Ana fito da shi sau uku a shekara: Asabar ɗin da ke gaban Lahadin farko ta Mayu, 19 ga Satumba, da 16 ga Disamba, ranar tunawa da aman wutar dutsen Besubiyas na 1631.

A 1991 masana uku 'yan Italiya, Luigi Garlaschelli, Franco Ramaccini da Sergio Della Sala, suka kawo bayani a mujallar Nature. Akwai abubuwan da in an bar su a ajiye suke kamewa, in an girgiza su kuma su tsinke, sannan su sake kamewa. Ana kiran wannan hali tiksoturofi. Ka san shi a fentin gwangwani: ka buɗe ka same shi da kauri, ka juya da sanda ya saki. Dalili shi ne ƙananan ƙwayoyin cikinsa suna sarƙe juna da rauni, motsi ya tsinka sarƙar, hutu ya mayar da ita. Masanan suka haɗa wani gishirin ƙarfe da ake samu a bakin dutse mai aman wuta irin Besubiyas, da alli ko ɓawon ƙwai, da gishirin miya da ruwa. Suka samu abu ja-baƙi mai kama da tsohon jini, wanda ke tsinkewa in an juya kwalbar. Duk kayan haɗin ana iya samunsu a ƙarni na 14.

Shi ke nan an gama? A'a. Sun nuna cewa ana iya yin irinsa, ba su nuna abin da ke cikin kwalbar Nafoli ba. An haska kwalbar da haske a 1902 da 1989, masu gwajin suka ce sun ga alamar sinadarin jini, amma awo ta bayan tsohon gilashi ba ya raba gardama, don wasu launuka na ba da alama mai kama da ita. Buɗe kwalbar kuwa ba a yarda ba. Cocin Katolika bai taɓa ayyana narkewar a matsayin mu'ujiza a hukumance ba.

Mutanen birnin na ɗaukar ƙin narkewa alamar masifa. Sukan ambaci 1939, shekarar da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, da 1980, shekarar girgizar ƙasar da ta kashe kusan mutum 3,000 a yankin. Kafin ka yarda da irin wannan alaƙa, sai ka ƙirga shekarun da ya ƙi narkewa ba abin da ya faru, da shekarun da ya narke lafiya amma masifa ta zo. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana riƙe inda aka dace, ta watsar da sauran.

Gawar da ba ta ruɓe ba

Ruɓewa aikin ƙwayoyin cuta ne da sinadaran jiki, kuma suna buƙatar danshi da ɗumi. In jiki ya bushe da wuri, aikin ya tsaya. A gidan tarihin Birtaniya akwai gawar wani mutumin Masar da yashi mai zafi ya busar fiye da shekara 5,000 da suka wuce, har da gashinsa. A kabari mai danshi da rashin iska kuma, kitsen jiki na iya komawa wani abu kamar sabulu, ya riƙe siffar mutum shekaru masu yawa.

Sannan abin da kake gani a hoto ba kullum fata ba ce. Banadet ta Lurdes ta rasu a 1879, an tono ta sau uku, a 1909, 1919 da 1925. Kyakkyawar fuskar da ake gani a akwatin gilashi a garin Nevers ta kakin zuma ce da aka ɗora mata. Fafaroma John na 23 an same shi bai lalace ba a 2001, amma an san an yi masa allurar adana gawa, Batikan kuma ba ta kira abin mu'ujiza ba. Carlo Acutis, matashin da ya rasu a 2006, fuskar da ake gani a Asisi ta silikon ce, hukumomin cocin ma sun faɗi haka.

In irin wannan labari ya iso wayarka

Al'adar tana raye, har a Najeriya. Fada Cyprian Iwene Tansi ya rasu a Ingila a 1964, daga baya aka tono ƙasusuwansa aka dawo da su Onica, John Paul na 2 kuma ya ayyana shi mai albarka a Maris 1998 lokacin ziyararsa Najeriya. Irin wannan ba a gardamar ko na wane ne, don akwai takardu da shaidu tun daga kabari. Inda ake samun matsala shi ne abin da ya ɓullo bayan shekara 1,000 ba a san inda ya kwana ba.

Saboda haka in an turo maka bidiyo a WhatsApp cewa masana sun tabbatar da wani abin al'ajabi, ko sun ƙaryata shi, na kowane addini ne, yi tambaya huɗu. Yaushe aka fara ambaton abin a rubuce, kuma shekara nawa ke tsakaninsa da wanda ake danganta shi da shi? Wa ya yi gwajin, an kuma ba wasu ɗakunan bincike damar maimaitawa? Daga ina aka ɗauki samfur? Sannan sakamakon cewa ya yi "ya dace da zamanin" ko "shi ne"? Kabon-14 na iya kore abu kwata-kwata, kamar yadda ya yi wa kwalbar Jan Dak. Tabbatar da sunan mai ƙashi kuwa ya fi ƙarfinsa. Ko Allah yana saukar da albarka ta hanyar wani abu, wannan ba tambayar da na'ura ke amsawa ba ce, malaman kowane addini ke da ita. Amma wanda ya ce maka ƙyalle ya shekara 2,000, ya faɗi abin da ake iya aunawa, kuma kana da haƙƙin tambayarsa wa ya auna.